Ƙafar Najat

"Jumma'a ta shigo gidan nan, Asabar hitar ɗumama gida ta mutu, Lahadi aka ja motarka, Litinin na zame a ƙanƙara na karya hannu!" Mma Tahiratu ta ɗaga hannunta mai bandeji a falonsu na unguwar Tremont, can ƙasar waje, ta dubi ɗanta. "Sumani, yarinyar nan farar ƙafa gare ta. Ba za ka aure ta ba!"

"Haba Mma, hitar nan fa ta girme ni. Motar kuma ni na manta ranar sharar titi ce, ban matsar da ita ba."

"Me ya mantar da kai? Ba hira da ita ba?"

Da Sumani ya gaya wa budurwar tasa Najat a waya, sai da ta yi kuka mai isarta, sannan ta ce, "Okay. Kar ka yi musu da Mma. Amma wa zai riƙa dafa mata?"

Kullum ta tashi daga aikin kula da tsofaffi sai ta hau bas da kular waakye, wato shinkafa da wake, ta ajiye a bakin ƙofa, ta danna ƙararrawa, ta juya. Ko tabarmar ƙofar ba ta takawa. Mma na ci tana cewa abincin ai ba shi da ƙafa.

Sati biyar ana haka. Ranar da aka kwance wa Mma bandeji ta dawo daga asibiti, ko mayafi ba ta cire ba silin ɗin kicin ya rufto — ruwa shaa!

Kawu Moro, ƙanen Mma da ke zaune yana cin abinci, ya ajiye cokali, ya ɓata fuska.

"Wa ya shigo gidan nan yanzun nan?"

"Ni ce mana."

"Innalillahi! Sumani, ɗauko akwatinta. Yaya, sai haƙuri, Kumasi za mu mayar da ke."

"Moro, ka haukace? Bututun ruwa ne ya tsufa!"

"Au, naki bututu ne, nata ƙafa?"

Mma ta tsaya tana kallon ruwan yana bin tayil. Ƙararrawa ta yi ƙara. Da gudu Mma ta buɗe ƙofa, ta tarar Najat har ta kai matakala.

"'Yata, dawo! Shigo ciki, amma taka a hankali, akwai santsi."

Bayan Sallah aka ɗaura aure.

Don abu ya zo a bayan mutum, ba shi ke nuna shi ya jawo shi ba. Kafin ka ɗora wa 'yar mutane laifi, fara duba bututun gidanku.