Wa'adi Ya Cika, Dawa Ba Ta Nuna Ba

"Ba ni miƙa mashi takardar nan, Baffa."

Jamilatu ta naɗe takardar ta jefa a jaka. Suna tsaye ne a bakin gonar da mahaifinta ya bar mata a hanyar Turba, ita da ƙanin mahaifin nata, Baffa Sodangi. Takardar sallamar mai haya ce, har ta sa mata hannu tun daga gida.

Ita ta rubuta yarjejeniyar hayar tana makarantar jinya a Sakkwato, ba ta taɓa ganin mutumin ba. A garinsu, Isa, hayar gona da girbi take ƙarewa, ita kuwa ta sa talatin ga Satumba kamar hayar ɗaki. Bana ruwa ya yi jinkiri. Wa'adi ya cika, ga dawa tsaye ɗanya shar.

Mai hayar ya fito daga cikin dawar, dogo, rigarsa jiƙe da raɓa. Sunansa Hafizullahi.

"Na san wa'adi ya cika, Hajiya. Mako biyar kawai nike roƙo."

"Ni ba Hajiya ba ce."

"To Allah shi kai ki, in rako ki filin jirgi."

Ta juya kai don kada Baffa ya ga murmushinta.

"Ke ɗiyar nan, boko ya kumbura miki kai," in ji Baffa. "Na riga na yi ma Alhaji Marwan alkawalin gonar ga."

Alhaji Marwan ɗan kasuwa ne mai kai kaya Nijar, sau biyu yana neman aurenta tana ƙi.

"Kuskuren nawa ne, Baffa. Ba za ni kori mutum da abincinshi tsaye ba."

Kashegari saƙo ya shigo wayarta: "Uwar gona, dawarki ta gaishe ki. Mai hayar ma yana so ya gaishe ki, kunya ta hana shi."

Ta mayar: "Ka ce mashi uwar gona ba ta cizo."

Daga nan saƙonni ba su yanke ba. Ranar kasuwar garin Isa, Hafizullahi ya zo gidansu ya durƙusa gaban mahaifiyarta, Inna Hajjo, ya faɗi abin da ke ransa. Baffa ya ce ɗan haya ba zai auri 'yar gidan ba. Amma da maganar gonar ta kai gaban mai gari, Baffa ya ɗaga hannu ya rantse zai jira girbi. Jamilatu ta yarda da shi, ta tafi Sabon Birni inda ta sami aiki a wani asibiti.

Kwana tara da tafiyarta Baffa ya sa Mas'uda, 'yarsa, wadda suke ɗaki ɗaya da Jamilatu tun suna yara, ta ciro takardar daga jakar da Jamilatu ta bari a ɗakin. Ya nuna wa Hafizullahi, sannan aka kora shanun Alhaji Marwan cikin dawa.

Tana tsakar duba wata mai ciki saƙo ya shigo: "Na ga sa hannunki, Jamilatu. Da kin ce in fita, da na fita. Ba sai kin sa na so ki ba tukuna."

Ta kira har sau bakwai bai ɗauka ba. Sai ta kira Inna Hajjo, ita ta gaya mata abin da Baffa da Mas'uda suka yi.

Ba ta yi kuka ba. Ta hau babur zuwa Isa, ta wuce ƙofar mai gari da fararen kayan aikinta. A gaban dattawa, Baffa na cikinsu, ta faɗi yadda aka yi, ta ambaci sunan Baffa da na Mas'uda.

"Ki janye maganar ga," in ji Baffa, "ko ki nemi wani uban."

"Uba ba shi rantsuwa gaban jama'a shi zagaya ta baya."

 Mai gari ya sa aka fitar da shanun, amma sun riga sun cinye fiye da rabi.

Ta iske Hafizullahi a gonar yana tsince karan da aka tattake. Labari ya riga ta isa.

"Ki yafe mani, Jamila tawa. Na zarge ki."

"Ka zarge ni, kuma ya yi mani zafi fiye da na Baffa."

"Mi za ni yi?"

"Ka girbe abin da ya rage. Sannan ka turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Baffa ya ƙi zama waliyyi, sai limamin unguwa ya tsaya mata. Inna Hajjo ta riƙe hannayensu biyu ta ce, "Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a mai riƙon amana."

Suna zaune lafiya a Sabon Birni, yana kai ta aiki a bayan babur kullum. Amma daga dangin mahaifinta babu wanda ya rako ta ɗakinta. Mas'uda ta yi aure ba a gaya mata ba, kuma yau shekara biyu ke nan in ta gaida Baffa a hanya ba ya amsawa. Jamilatu ta sami mijin da take so, ta rasa gidan ubanta. Ta san haka tun ranar da ta tsaya a ƙofar mai gari, kuma har yau ba ta janye kalma ɗaya ba.