Kiran Ƙarshe a Wayar Yaya

Auta na guga a falo Yaya ta shigo da 'yar jakarta, ta yi sallama ciki-ciki, ta ɗosana a bakin kujera kamar baƙuwa. Duk zafin da ake yi, ta naɗe wuyanta da gyale har haɓa.

Umma ta ɗago daga tsintar shinkafa, ta dube ta, ta dubi jakar. "Yau kuma me aka yi?"

"Umma, ni dai na gaji."

"Kowa ma a gajiye yake. Ina yaran?"

"Suna makaranta."

Auta ta ajiye dutsen gugar, ta je ta janye gyalen. Shatin yatsu ne kwance a wuyan yayar tata, har ya soma baƙi.

"Shaƙe ta ya yi, Umma. Dubi nan."

Umma ta duba, ta kawar da kai. "Mayar mata da gyalenta. Harshe da haƙori ma suna saɓawa."

Mijin Yaya, wanda kowa ke kira Mai Kemis, mutum ne mai laushin murya. Har ƙasa yake durƙusawa ya gai da surukai, kuma maganin hawan jinin Abba bai taɓa yankewa ba saboda shi. Amma a gidansa shi ke riƙe da fasuwad ɗin wayar Yaya. Ƙawayenta kaf ya yi musu bulokin. In ta fita daga shagon ɗinkinta sayen zare, kafin ta gama ciniki ya kira: "Me kike yi a layin 'yan yadi? Shago kika ce min." Har ya taɓa ce mata, yana murmushi, ranar da za ta bar gidansa ɗauke da ita za a fita. Duk Auta ta kai wa iyayensu waɗannan maganganu, aka ce kishi ne, kishi kuwa so ne, ita yarinya ce ba ta san aure ba.

Da la'asar Mai Kemis ya zo, ya durƙusa gaban Abba yana share hawaye, wai sharrin Shaiɗan ne. Abba ya yi masa faɗan da bai wuce saman leɓe ba, sannan ya juya ga Yaya. "Ɗauki jakarki. Haƙuri ake yi."

"Abba, wanda ya iya kama wuya—" in ji Auta.

"Ke, da wa kike? Naki auren ma saura, ki koyi kama baki."

Yaya ta wuce ta gabanta, ta ɗan matsa mata hannu, ta shiga mota.

Da saurayin Auta ya zo zance, a bakin ƙofa ya same ta tana cika tana batsewa. Malamin makaranta ne, shi ke horar da yara ƙwallo, shi ya sa ake ce masa Kyaftin. An riga an sa musu rana.

"Wannan fushin, in an jona shi da waya ai sai ya ba unguwa wuta," in ji shi.

"Ba wasa nake ba. Kashe ta zai yi suna kallo."

Ya daina dariya, ya saurare ta har ta gama. "Ina da aboki lauya," ya ce. "Ki gaya mata, duk ranar da ta shirya, ni zan kai ta."

Auta na aiki ne a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, inda doka ce a bar waya a loka, akwatin ajiyar kayan ma'aikata. Wata rana da ta fito cin abincin rana, ta tarar da kiran Yaya tun da safe, a ƙarƙashinsa kuma kiran Umma jere-jere. Da ta kira, kuka kawai ta ji. 'Yan koyon ɗinki ne suka zo da makullinsu suka buɗe shago, suka tarar da Yaya kwance bayan keken ɗinki, rai ya yi halinsa. Shaƙe ta aka yi. Ba a taɓa komai a shagon ba, wayarta kaɗai aka ɗauke.

Ba a gama karɓar gaisuwa ba 'yan sanda suka kama Kyaftin. Kamfanin waya ya nuna shi ne mutum na ƙarshe da Yaya ta yi magana da shi. A wayarsa kuma aka ga saƙon da ya tura mata: "Ki jira ni a shago, ba wanda zai sani." Maƙwabta ma sun gan shi yana buga ƙofar shagon.

Mai Kemis ya zauna a falon Abba, kai a sunkuye. "Na daɗe ina zarginsu," in ji shi, "kunyarku ce ta hana ni faɗa."

Abba ya dubi Auta, idanunsa jajur. "Kin ji wanda kika kawo mana. Maganar aure ta mutu. In na ƙara jin sunansa a gidan nan, ban yafe ba."

Duk da haka Auta ta je ofishin 'yan sanda. Ta same shi bayan kanta, an karɓe masa takalmi da agogo. Saƙon nan ya hana ta barci, don haka ba ta ko gaishe shi ba.

"Me ba wanda zai sani?"

"Lauya," in ji Kyaftin. "Ta kira ki ba ki ɗauka ba, sai ta kira ni. Ta ce ta yanke shawara, kotu za ta je a raba auren, amma kada Abba ya ji ya hana ta. Na nemi izini a makaranta, na je na tarar da shago a kulle ta waje. Na buga, na kira, waya a kashe. Na ɗauka fasawa ta yi. Ashe tana ciki."

"Kalle ni ka faɗa."

Ya kalle ta ya maimaita. Ta jingina da bango ta yi kukan da ba ta samu ta yi ba tun ranar rasuwar.

Mai binciken shari'ar wata Sufeto ce, mace mai ƙarancin magana, fayiloli sun cika mata tebur. Auta ta zayyana mata komai: wuyan, fasuwad, barazanar, da yadda mutumin ke sanin inda Yaya take ko ba ta faɗa ba. A nan ne Sufeto ta ɗago kai.

"Na ji ki. Amma ke budurwar wanda ake tuhuma ce, kowane alƙali zai ce kare shi kike. Ma'aikatan kemis sun ce maigidansu yana sito tun safe. Lauyan da kike faɗa kuwa abokin saurayinki ne, kuma bai taɓa ganin marigayiyar ba. Ba zan iya karɓar wayar mijin ba sai da izinin kotu. Wa ya ga wuyan nan ban da ke?"

"Mahaifiyarmu."

"To, kawo ta."

Umma ta ƙi. "So kike in je in ce da hannuna na mayar da ita?" Abba kuwa cewa ya yi Mai Kemis uban jikokinsa ne, ba za a haɗa wa yara maraici biyu ba. Auta ta yi magiya, ta yi fushi, ta daina cin abincin gidan, duk a banza. Dangi suka sa ta a baki, wai soyayya ta rufe mata ido har ta fifita saurayi a kan jinin 'yar'uwarta. Makonni suka shuɗe. Aka kai Kyaftin gidan yari jiran shari'a, makaranta ta ba wani gurbinsa. Mai Kemis kuwa kullum yana tafe da yara da leda a hannu. Har sabuwar waya ya saya wa Umma, ya saita mata da kansa, wai don ta riƙa jin muryar jikoki. Auta ce ake sa wa ta kawo masa ruwa, takan dire kofin har ya fantsala.

Sai dai ita ma Umma abin yana cin ta. Wata safiya ta ce za ta kasuwa, ta hau mota ita kaɗai har ƙofar ofishin 'yan sanda. Ta tsaya a tsallaken titi ta daɗe tana kallon ƙofar, ƙafarta ta ƙi shiga, ta juyo gida. Ko mayafi ba ta cire ba wayar ta yi ƙara.

"Umma, barka da dawowa," in ji Mai Kemis cikin laushin nan nasa. "Lafiya dai kika je wajen 'yan sanda? Da kin faɗa ai da na kai ki."

Ta ce hanya ce ta biyo da ita, ta kashe. Sannan ta ajiye wayar a kan tebur a hankali kamar mai ajiye kunama, ta kira Auta.

"Ban gaya wa kowa ba. Ko Abbanku bai sani ba. Yaya aka yi ya sani?"

"Yadda yake sanin na Yaya, Umma."

Umma ta miƙe, ta nufi ƙofa. Abba ya tare ƙofa yana tambayar ina za su. Tunda Auta take, ba ta taɓa jin Umma ta mayar masa da magana ba sai ranar. "Inda ya kamata mu je tun tana da rai. Matsa min."

A ofis, mai duba wayoyi ya gano wata ɓoyayyiyar manhaja a wayar Umma, mai nuna inda mutum yake, mai naɗar kira, kuma a haɗe take da imel ɗin Mai Kemis. Umma ta ba da shaidar wuyan tana kuka. Kotu ta ba da izinin karɓar wayar Mai Kemis.

Ya riga ya goge komai a wayarsa, amma masu bincike suka dawo da mafi yawansa. Irin manhajar nan ce a wayar Yaya tun bara. Kiran da ta yi wa Kyaftin, da maganar lauya da kotu, duk ya saurara jim kaɗan bayan ta ajiye. Daga nan wayarsa ta bar kemis ta nufi layin shagon. Kyamarar wani gidan burodi ta ɗauki motarsa a lungun baya, tun kafin Kyaftin ya iso. Wayar Yaya kuwa, a unguwar kemis ɗin ta yi numfashinta na ƙarshe. Da ma'aikatansa suka ga haka, suka ce shi ya tsara musu abin da za su faɗa.

Sufeto ta jera masa hujjojin, ta tambaye shi dalili. Bai ko sunkuyar da kai ba. "Da in ga ta fita ta zama ta wani, gara kowa ya rasa."

Ranar da aka saki Kyaftin, ya rame har wando na zamewa. Mahaifiyarsa ta rantse ɗanta ya gama da gidan da ya ɗaure shi. Abba da kansa ya taka har gidan su Kyaftin, ya zauna a ƙasa a gaban yaron da ya haramta a ambaci sunansa.

"Na zalunce ka, na zalunci 'yata. Wanda ya iya gaisuwa na ɗauka shi ne mutumin kirki."

Kyaftin ya sauko ya ɗaga shi. Sannan ya juya ga mahaifiyarsa. "Mama, gidan nan da kike faɗa, a cikinsa ne mutum ɗaya ta tsaya min lokacin da ni kaina na fid da rai. In na bar ta, wa zan aura?"

Mama ta ce, "Sai ka fara yin ƙiba tukuna, kada a ce yunwa muka aura mata."

Aka yi auren ba kiɗa ba taro. Kotu ta yanke wa Mai Kemis hukuncinsa, yaran Yaya suka koma hannun Auta da mijinta, shi kuma wata makaranta ta ɗauke shi aiki. Haƙurin da suka yi wa juna ya biya su, sai dai bai dawo da wadda aka rasa ba.

Haƙuri ado ne, amma ba kowane shiru ne haƙuri ba. Kishin da ke bin sawun mutum, ya raba shi da 'yan'uwa, ya kai hannu wuyansa, ba so ba ne, gargaɗi ne. Iyaye, in 'yarku ta shigo ta ce ta gaji, ku zaunar da ita ku ji abin da ya gajiyar da ita. Waya takan adana gaskiya har ta kai ta gaban alƙali, amma sai bayan an yi rashi. Kunnen uwa da uba ne kaɗai ke iya jin ta tun da sauran rai.