Tagar da Ta Ƙi Rufuwa

Da magariba abin ya fara. Tela ya rufe kekensa ya dawo gida, ya tarar da matarsa a ɗakin 'yarsu Auta tana kokawa da murfin taga. Murfin katako ne na cikin ɗaki, mai siraran katakai a jere kamar haƙarƙari. Da hantsi ta ga ƙura ta cika tsakaninsu, sai ta tafasa ruwa a buta ta sheƙa masa, ta bi da soso da sabulu. Mace ce mai tsafta, ban hana ta wannan ba, amma katako ai ba kwano ba ne. Ya sha ruwa, ya kumbura, ya karkace.

"Matsa, wannan aikin ƙarfi ne," in ji tela. Ya sa kafaɗa ya banka, hinji ɗaya, ƙarfen da ke riƙe da murfin, ya ɓalle. Sai wani siririn kuka ya fito daga cikin katakon, kamar na ɗan mage. Suka kasa kunne. Kukan bai sake ba.

Daga ranar Auta ba ta ƙara rufe ido ba. Ba barci, ba ƙiftawa. Uwar ta ja mata fatar ido ƙasa da yatsa, tana saki ta koma sama. Rana na faɗuwa sai tsakuwa ta riƙa sauka a kan rufi, murfin tagar yana kaɗawa a hankali, alhali ko ganye ba ya motsi.

A kwana na biyar Auta ta ce, "Mama, fuskarki ta fara yi mini dishi-dishi." Tela bai ko sa takalmi ba ya tafi ya ɗauko Malam.

Malam tsoho ne, ya yi kafinta da ƙuruciyarsa. Sai da ya shafa tagar tukuna, sannan ya zauna ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Can bakin Auta ya buɗe, muryar wata babbar mace ta fito.

"Shekara goma sha ɗaya ina tsakanin katako na uku da na huɗu, ban taɓa tsinken kowa ba. Na kwantar da ɗana, wannan ta zuba masa tafasasshen ruwa. Mijinta ya zo ya karya mana ƙofa. Haske na dukan ƙunar yaron, ba ya barci. To tata 'yar ma ba za ta yi ba."

"Wallahi ban sani ba," in ji uwar.

"Shi ruwan zafin ya san ba ki sani ba?"

Malam ya ce, "Faɗi abin da zai raba."

"Ido ɗaya."

"Ko gashin ido ba za ki samu ba. Yarinyar nan ba ita ta riƙe buta ba."

Sannan muryar ta ce, "To hannun da ya riƙe."

Kafin Malam ya buɗe baki, uwar ta miƙa hannunta na dama. "Ga shi. Ki sakar mini 'ya."

Malam ya yi ajiyar zuciya. "Zan gyara ƙofar. Yaronki ya yi barci ya warke, ku tashi ku bar gidan."

"Na yarda," in ji muryar.

Ya kankare inda katakon ya kumbura, ya sa sabon hinji, ya ɗiga masa man keken tela. Ya tura murfin da yatsa biyu, ya rufu ruf. Nan take idanun Auta suka rufe, ta zube a cinyar uwarta tana barci. Bayan kwana uku, da magariba, murfin ya buɗe da kansa, ya koma ya rufe. Jifa bai ƙara sauka ba.

Tun daga nan tela ba ya banka taga. In ta yi masa gardama, hinji yake dubawa, ya sa mai, ya tura a hankali. Matar kuwa da busasshen tsumma take goge katakan, ɗaya bayan ɗaya. Ba don tana da zaɓi ba. Har yau, in ta kusanci taga da jiƙaƙƙen tsumma, hannun nan na dama sai ya tashi bororo, daidai inda mariƙin buta ya zauna.