Ranar da Baba Ya Ci Taliya Shiru

"Ni Isao Kuramoto, shekara arba'in ina murza taliyar soba, a ce yau in je in ci ta Italiya da cokali mai yatsu? Ba za ni ba!"

"Za ka," in ji Mama tana miƙa masa kwat. "Tun jiya ka sa na goge maka rigar nan, wa kake wa cika baki?"

Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina jiransu. Ni kaɗai suka haifa. Shagon sobarmu kakana ne ya buɗe shi a nan Matsumoto, Baba ya gada, kuma duk layinmu an san burinsa: ni Kozue in auri wanda zai karɓi shagon. Sai zuciya, da ba ta neman shawarar kowa, ta kai ni wajen Shunpei, mai ɗan gidan abincin Italiya a bayan tashar jirgin ƙasa, tebur shida kacal.

Yau Laraba, ranar hutunmu, ya gayyaci iyayena cin abincin rana don ya nemi aurena. In Baba ya ce a'a, na san kaina, ba zan iya tsallake maganarsa ba. Rabuwa da Shunpei kuwa ko tunaninta ba na iya yi.

A bakin ƙofar gidan abincinsa Shunpei ya tarbe mu, ya rusuna har goshinsa na neman taɓa gwiwa. Baba ya amsa da "Hmm" ɗaya tak ya wuce ciki.

"Kozue tawa, tsoron Babanki nake ji," Shunpei ya raɗa mini.

"Kwantar da hankalinka, masoyina... ba ya cizo."

"Kin tabbata?"

Gaskiya ban tabbata ba.

Ƙamshin tafarnuwa da man zaitun ya cika wurin. Wasu dattijai mata biyu na teburin kusa da mu suna ci a natse. Can Shunpei ya fito da taliyar da ya murza da hannunsa tun da safe, da miyar tumatir da jatan lande, ya ajiye a gaban Baba, ya koma kicin ya laɓe a jikin tagar da ake miƙo abinci.

Baba ya ɗauki cokali mai yatsu, ya naɗe taliyar a hankali, ya kai baki.

Shiru.

Gabana ya faɗi! A gidanmu, cin taliya shiru zagi ne. Daga kicin Baba ke kasa kunne, in ya ji baƙo ya zuƙa da ƙarfi sai ya washe baki, in ya ji shiru kuwa ranar ba mai shan ruwa a gidan lafiya. Kuma ni da bakina, uwar iyayi, na ce wa Shunpei, "In ka ji ya zuƙa, ka yi nasara."

Loma ta biyu, shiru. Ta uku, shiru. Gumi ya tsatsafo wa Baba a goshi, ya haɗe rai kamar mai shan magani. Na hango fuskar Shunpei ta taga, tausayinsa ya kama ni har idona ya ciko.

Ya fito, ya cire hularsa, ya zube a gaban teburin.

"Baba Kuramoto, ku gafarce ni. Na gane... abincina bai kai ba. Ba zan nemi Kozue yau ba. Ku ba ni shekara ɗaya in gyara hannuna, sannan in dawo."

"Shunpei!" na faɗa, hawaye na zubo mini.

Baba ya dube shi, ya dube ni. "Wai me yaron nan ke cewa?"

"Kun ci shiru, ranku ya daɗe," in ji Shunpei, kansa a ƙasa.

Sai Mama ta tuntsure da dariya har da riƙe ciki.

"Wayyo ni! Sati guda fa ina koya masa! Kullum bayan an rufe shago, ga cokali, ga taliya, in ya zuƙa in buge masa hannu!"

"Ba ke kika ce a gidan abincin Italiya ba a zuƙa ba?" Baba ya daka mata tsawa. "Kika ce in na yi zan ba yarinyar nan kunya a gaban saurayinta!"

"To ƙarya na yi?"

"Azaba kika ba ni! Taliya irin wannan a gabana, an ɗaure mini baki! Muƙamuƙina har ciwo yake!"

Na toshe bakina. Ashe uban nan nawa, da bai taɓa sauya ko kofin shayinsa don wani ba, ya yi mako yana koyon cin abinci kamar yaron goye, don kawai kada ya kunyata ni. A lokacin na ji ƙaunarsa ta cika mini ƙirji.

Shunpei ya miƙe a guje, ya dawo da tsinkayen cin abinci, ya miƙa da hannu biyu.

"Nan gidanku ne. Ku ci yadda kuka saba."

Baba ya karɓa, ya gyara zama, ya kwaso taliya.

Zuuuuut!

Sai da matan nan biyu suka zabura. Miya ta fantsama a farar rigarsa, ko a jikinsa. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa, har ya suɗe farantin tas.

"Ɗan nan," in ji ɗaya daga cikin matan, "mu ma kawo mana tsinken, mun gaji da ƙaryar wayewa!"

Baba ya goge baki ya ce wa Shunpei, "Kawo hannunka." Ya juya tafin, ya latsa kantar da ke jiki, ya gyaɗa kai. "Da hannu ka murza taliyar nan, ba inji ba ne. To faɗi abin da ya tara mu."

Shunpei ya sake durƙusawa. "Ku ba ni Kozue. Zan riƙe ta da raina."

Kafin Baba ya amsa, abin da ya daɗe yana cina ya kuɓuce mini.

"Baba... shagon fa? Wa zai karɓa?"

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

"Shago katako ne da tukwane, Kozue. Ke na haifa."

Na faɗa jikinsa ina kuka, Mama na sharar ƙwalla tana dariya. Ya ɗan bubbuga bayana, ya yi gyaran murya, ya tura farantinsa gaban Shunpei.

"Kai suruki, tashi haka nan. Akwai saura a tukunya?"