Ƙurar Motar Fa'iz

Ƙarfe huɗu na yamma rana ta riga ta faɗi a Edmonton ta ƙasar Kanada. Asama'u tana wanke shinkafa sai ta ji ƙas a tagar kicin. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Da ta leƙa, ƙusa ce ta ƙarfe, tsohuwa mai tsatsa, kuma daga cikin ɗakin aka jefo ta.

Kwana tara ke nan da mijinta Fa'iz ya shigo da wata tsohuwar mota garejin gidan. Sana'arsa bin sawun tsofaffin motocin tsere, ya tabbatar da asalinsu kafin a kai su gidan nuni. Wannan kuwa shekara shida ya yi yana nemanta, har ya same ta a wata rumfar kwano a bayan garin Bukuru, can gida Najeriya. A ƙa'idar sana'ar ba a wanke irin wannan mota, domin ƙurarta ma shaida ce. Haka ya sa aka naɗe ta da yanarta da busassun ganyenta, ba sallama, ba bisimilla. Sai dai lambar da aka buga a jikin ƙarfenta, rabi tsatsa ta cinye, masana sun ƙi sa hannu.

Kullum magariba sai jifa. Daga baya aka fara jin kukan inji a garejin da ke kulle. Asama'u ta gaji da sharar ƙusoshi, ta gaji da yi wa mijinta magana. Rannan 'yarsu Teema, wadda ko gaisuwa da Turanci take amsawa, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta ce da muryar tsohuwa, "Wa ya ɗauke mini ɗaki?"

Malam Masawudu, mai ruƙiyyar da suka kira, ya zo da jakar aikinsa a kafaɗa, ko gida bai biya ba. Ya daɗe yana karatu, yarinyar tana murɗewa a hannun uwarta.

"Baiwar Allah, me kike nema?" in ji malam.

"Hutu. Shekara arba'in ina kwance a kujerar motar nan. An jijjiga ni a teku, an kawo ni garin sanyi."

"Yarinya ba ta yi miki komai ba. Ki fita."

Idanun Teema suka juya kan ubanta. "Kai mai neman lamba. Na ga lambar tun tana sabuwa, na san akwatin da takardun suke. Ka bar ni kwana uku a jikin nan, in faɗa maka."

Fa'iz bai ce komai ba. Shirun bai fi numfashi uku ba, amma kowa ya ji shi.

"Ba ma so!" Asama'u ce ta amsa. "Wallahi ko motar zinariya ce."

Aka daidaita a kan za a share ƙurar duka a buhu, a mayar da ita rumfarta. Da ƙurar shaidar Fa'iz za ta tafi, amma ya gyaɗa kai. Malam ya riƙe ƙaramin yatsan ƙafar yarinyar, ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Fa'iz ya durƙusa ya miƙa mata ruwa. Ta dube shi, ba ta karɓa ba.

"I heard, Daddy," ta ce a hankali. "Na ji. Sai da ka yi tunani."