Na'urar Baba Ta Yi Shiru

A motar haya suka haɗu, kuma in za a faɗi gaskiya ba ita ya fara kallo ba. Abin da ke hannunta ya ƙura wa ido: tsohuwar na'urar sauraro mai kauri, irin wadda aka daina yayi tuntuni, an naɗe bayanta da salatif.

"Baiwar Allah, wannan ta sayarwa ce?"

"Ta Babana ce," ta ce, ta ƙara damƙe ta. "Gara ka ce in sayar maka da wayata."

Sai a lokacin ya ɗago ya dubi fuskarta, ya manta inda zai sauka.

Ma'aikacin ofis ne, amma ran Asabar ba ka samunsa sai a kan teburinsa. Yakan farke irin waɗannan tsofaffin na'urori, ya zana nasa bod a kwamfuta, wato koren allon nan da ke cikin kowane kayan lantarki, ya aika a buga masa, ya liƙa da dalma. Yatsunsa duk tabon ƙuna, shi ya sa abokai ke kiransa Mai Dalma.

Ita kuwa Auta ce a gidansu, tana aiki a kantin magani. Babanta tsohon malamin makaranta ne, ciwon suga ya tafi da idanunsa shekara shida da suka wuce. Ita ke karanta masa littattafai, ta naɗi muryarta ta zuba a na'urar. Yanzu batirin ba ya minti ashirin.

Ya karɓi lambarta, wai saboda batir. Wata uku ana maganar batir.

"Autata, yau na ƙone yatsa sau biyu. Ke ce sanadi."

"Mai Dalmana, ka daina ɗora mini laifin gangancinka. Ka ci abinci?"

Da maganar aure ta taso, Umma ta ce ya fara nuna wa Baba hali. Auta ta roƙi Baba ya ba da na'urar a canza batir. Da ƙyar ya sake ta.

Nan son burgewa ya kwashe Mai Dalma. Batir kawai aka ce masa, shi kuwa ya ga ai surukinsa ya fi ƙarfin tsohon kaya. Ya cire ɗan faifan da ke juyawa a ciki, ya yanke tsohon bod ɗin, ya sa nasa mai cin memori. Ya sauya maɓallan masu ƙara da wasu masu laushi. Ya jera littattafan bisa haruffa, tsaf. Caji ɗaya, kwana uku.

Ya kawo ta da kansa, yana ta murmushi. Baba ya karɓa, ya danna, ya riƙe a tafin hannu yana jira.

"Ba ta kunnu ba."

"Ta kunnu, Baba."

"To ina motsinta?"

Ashe da girgizar faifan nan a tafinsa yake sanin ta tashi. Da ƙarar maɓalli yake ƙirga hanya: danna bakwai littafin tarihi, sha biyu na taurari, yadda Auta ta zuba su ɗaya bayan ɗaya cikin shekara shida. Ya danna bakwai ɗin da yake zato, wani littafi daban ya fito. Ya sake, ya ɓata.

"Mayar mini da ita yadda take."

"Baba... na riga na yanke tsohon."

"Wa ya sa ka?" Muryar Baba ba ta ɗaga ba, gara ma a ce ya yi tsawa. "Auta, raka shi. Kada ya ƙara taka mini gida."

Daga ranar gidan ya canza. Mutumin da ke wuni da littattafansa bai nemi kowa ba ya koma, "Auta, zo ki kunna mini. Auta, a kashe take?" Umma ba ta iya ba, don haka Auta ke baro kanti da rana ta zo ta danna maɓalli. Bayan mako biyu ya daina kira. Ya jefa na'urar a durowa, ya riƙa zama shiru a kujerarsa. Abin ya ci wa Auta rai ƙwarai, ta rame.

Mai shagon waya na bakin titi, wanda ya daɗe yana zagayen Auta, ya ga ƙofa ta buɗe. Ya kawo sabuwar waya a kwali. Baba ya shafa fuskar wayar ya ji ta sumul, ya ce, "Wannan ai faranti ne," amma ya yi godiya, ya kuma ce yana iya zuwa gaisuwa. Umma har da raka shi ƙofa.

A kan idon Mai Dalma aka yi rakiyar, ya zo ya tsaya nesa yana neman ƙarfin halin sallama. Ya juya ya tafi, ya yi kwana goma bai aiko ko harafi ba. Auta ta ɗauka ya yi ɓarna ya gudu. Ran na sha ɗaya ya rubuto:

"Na ga wanda ya maye gurbina. Allah ya sa alheri."

Ta karanta, ranta ya ɓaci. Ta amsa:

"Kai ta kanka kake yi. Ba mai shagon waya a zuciyata. Abu ɗaya ya rage wa Baba da yake yi da kansa, ka karɓe. Ba zan yi aure in bar shi haka ba, ko da kai ko da wani. Ina sonka, kuma ina jin haushinka."

Mai Dalma yana da wata na'urar mai irin bod ɗin a teburinsa. Ya ɗaure idonsa da hankici, ya ce bari ya nemo waƙa ɗaya. Bai yi minti guda ba ya rasa inda yake, a cikin abin da shi ya ƙera da hannunsa. Ya daɗe zaune da hankicin a fuska, kunya ta ishe shi.

Ran Asabar da hantsi ya yi sallama a ƙofar.

"Na ce kada ka dawo."

"Baba, ba neman aure na zo ba. Darasi na zo ɗauka. Ban san yadda ake amfani da ita ba, kai ka sani."

Tsohon malami dai, in ka ce ya koya maka ka gama da shi. Baba ya ce, "Ka zo da takarda?"

Baba ya yi ta faɗa, shi yana rubutawa: tsarin littattafan tun daga na farko, ƙarfin maɓalli, inda babban yatsa ke sauka. Mai Dalma ya zana sabon bod mai ɗan injin girgiza da maɓallai masu ƙara. Mako uku kafin a bugo shi. Baba ya taɓa ya ce, "Wannan injin niƙa ka kawo mini?" Na biyu ya ƙone tun a tebur. Umma ta ce a haƙura haka nan, mai shagon waya yana jiran amsa. Auta kuwa sai kuka a ɗaki.

Na uku ya zo bayan wata biyu da rabi.

"Kada wanda ya taɓa ni," in ji Baba. "Kada wanda ya yi magana."

Ya danna. Ya jira. Suka ga yatsunsa sun rufe a kanta a hankali. Ƙas, ƙas, ƙas, har bakwai. Muryar Auta ta fito tana karanta littafin tarihi. Ya kashe da kansa, ya kunna, ya tafi sha biyu. Ya share ido da bayan hannu.

"Auta, gobe ba sai kin dawo da rana ba." Ya juya inda yake jin numfashin saurayin. "Kai kuma, ka turo manyanka."

Ranar auren, da za a tafi da ita, ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa tana kuka. Ya dafa kanta.

"Tashi ki je, na iya da kaina. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Ya laluba ya kamo hannun angon, ya shafa tabon yatsunsa.

"Ɗana, ga ta nan na ba ka lafiya lau. Duk ranar da ka ga kamar tana bukatar gyara, ka tambaye ta tukuna."

"In sha Allahu, Baba," in ji angon.