Naman Kazan Bakin Garke

A daminar 1977, a wani ƙauye kusa da Roni, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Kakarta, Iya Tasalla, ta fi kowa sanin naman kaza, tsiron nan mai kama da laima da ke fitowa bayan ruwan sama.

Idanun Iya sun yi rauni. Yarinyar ce ke riƙe mata sanda in za su jeji. Iya takan tsuguna, ta shafa tsiron, ta yi ta bayani. Yarinyar takan ce, "To, Iya," amma hankalinta yana wurin ƙawayenta.

Ran nan Iya ta kwanta ciwo. Kwana huɗu ba ta ci abin kirki ba. Ta ce, "Da zan sami miyar naman kaza, da na ci tuwo."

Baba ya dubi yarinyar. "Ke kike binta. Kin san wanda ake ci?"

Ta ji kunyar cewa a'a. Ta ce, "Na sani, Baba."

Ta ɗauki ƙwarya. Ƙanenta Daudu, ɗan shekara biyar, ya bi ta. Surin da Iya ke zuwa ɗiban naman kaza yana can bayan dutse, da nisa. Kafin su kai, a bakin garken shanu, sai ga naman kaza farare manya-manya. Ta cika ƙwarya.

Daudu ya ce, "Yaya, yunwa nake ji."

Ta gutsuro masa ɗaya, ya ci.

Da suka koma gida, Iya ta miƙo hannu. Ta shafa ɗaya daga sama har ƙasa, ta shinshina.

"Ina doguwar saiwarsa? Na suri yana da saiwa, kuma kansa da ɗan tsini. Juya shi. Wane launi kika gani a ƙasansa?"

"Kore-kore, Iya."

"Wannan guba ne, 'yar nan. Ba wanda ya ci dai?"

Yarinyar ta nuna Daudu.

Kafin la'asar Daudu ya fara amai da zawo. Jikinsa ya saki. Baba ya kai shi bakin titi a keke, Inna tana binsu da gudu. Motar kasuwa ta ɗauke su zuwa asibiti a Kazaure.

Gida ya yi tsit. Iya ta juya fuskarta bango tana kuka a hankali. Ko kunu ta ƙi sha. Tana ta cewa, "Kwaɗayina ne. Tsohuwa da ni, na jawo wa jikana."

Wannan magana ta fi duka yi wa yarinyar zafi. A rana ta biyu ta durƙusa gaban gadon.

"Iya, ba laifinki ba ne. Ban taɓa saurarenki ba. Baba ya tambaye ni, na yi ƙarya."

Iya ta laluba, ta dafa kan yarinyar.

"Shekara uku ina magana, ashe ni kaɗai nake ji. Na yafe miki. Ki roƙi Allah ya tashi kafaɗar yaron nan."

A makaranta Malam Halliru ya ga tana hawaye. Ta gaya masa komai. Ya ce, "Naman kaza iri dubbai ne. Ba ganye ba ne, ba kuma nama ba ne, jinsinsa daban yake. Wasu suna kama da juna ƙwarai, har masana sai sun duba da madubin likita. Ni kaina ban san wanda ake ci ba."

"Har ku, Malam?"

"Har ni. Kuma ba na jin kunyar faɗa."

Ranar Juma'a aka sallamo Daudu. Ya rame, da tabon ƙarin ruwa a hannunsa, amma yana tafiya da ƙafarsa. Ya faɗa jikin Iya. A ranar ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Yarinyar ta nemi gafarar Baba da Inna. Baba ya ce, "Da kin ce ba ki sani ba, da ba wanda zai yi miki faɗa. Kada ki ƙara cewa kin san abin da ba ki sani ba. Abin da kuma ba ki tabbatar ba, kada ki sa a baki, kada ki ba wani."

Ta ce, "Na ji, Baba." Daudu ya ja hannunta, suka fita tsakar gida wasa.